TARIHIN HAYAƘIN MOTAR GAS: Yadda Aka Yi Mota Ta Koma Shan Yuriya

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta, mu leƙa ƙarƙashin mota. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma ka daure ka kai ƙarshe, musamman idan kana da mota mai shan gas, ko kana tuƙa ta wani, ko kana tara kuɗin saye.

Idan ka buɗe murfin tankin motocin gas na zamanin nan, wato masu shan dizal, sau da yawa za ka ga baki biyu. Ɗaya na mai ne. Ɗayan ƙarami ne, murfinsa shuɗi, an rubuta AdBlue a kai. Abin da ake zubawa a nan ba mai ba ne. Ruwa ne da yuriya. Eh, dangin yuriyar nan ta takin zamani. Kuma ranar da ya ƙare, ko da tanki cike yake da mai, batir garau, inji garau, motar ba za ta tashi ba.

To me ya kai mota ga shan taki? Me kuma ya sa irin waɗannan motoci suke yawan toshewa da baƙin datti har su rasa ƙarfi? Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, kuma sai an koma baya za a same ta.

INJIN DA BA RUWANSA DA FULOGI

Rudolf Diesel Bajamushe ne, an haife shi a birnin Faris a 1858. Ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1893, injin kuma ya yi aiki yadda ake so a 1897 a garin Augsburg na Jamus. A baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900 har an tada irin wannan inji da man gyaɗa.

Bambancinsa da injin fetur shi ne, na fetur sai fulogi ya ƙyasta masa wuta. Na gas kuwa iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta matsa mai tsanani har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Wannan matsar ce take ba shi ƙarfin jan kaya da tattalin mai.

Shekaru da yawa injin jiragen ruwa ne, da jiragen ƙasa, da masana'antu, da manyan motoci. Mercedes ta fito da ƙaramar mota mai gas, 260 D, a 1936, amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai bayan rikicin mai na 1973, lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo. Volkswagen ta fito da Golf mai gas a 1976. Gwamnatocin Turai da dama suka sa harajin gas ya gaza na fetur. A 1997 kuma aka fara sa wa ƙananan motoci sabon tsarin fesa mai da ƙarfi wanda kwamfuta ke sarrafawa, ƙara ta ragu, gudu ya ƙaru. Kafin a ankara, wajen 2011, fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Yammacin Turai masu gas ne.

GUBA BIYU MASU GABA DA JUNA

Nan ne tushen duk labarin, don haka ka natsu.

Injin gas yana fitar da guba iri biyu. Ta farko ita ce kunkunniya, baƙin hayaƙin nan da kake gani idan tirela ta taka wuta a kan tudu. Man da bai gama ƙonewa ba ne. Wanda ido yake gani ma da sauƙi. Ƙananan ƙwayoyin da ba a gani su ne suke wucewa har can cikin huhu. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Ta biyu ita ce iskar da ake kira NOx. Ita ba daga mai take fitowa ba. Idan wuta ta yi zafi sosai a cikin inji, naitirojin da oksijin da suke cikin iskar da muke shaƙa sai su haɗe su zama guba mai tada asma da cutar da huhu.

Ga inda gizo yake saƙar. Idan ka ƙara zafin wuta don mai ya ƙone ƙurmus, kunkunniya ta ragu, NOx ta ƙaru. Idan ka rage zafi don NOx ta ragu, mai ba zai gama ƙonewa ba, kunkunniya ta ƙaru. Kamar sikeli ne, ka danne wannan gefe wancan ya ɗaga. Duk na'urorin da za mu ambata a ƙasa, daga wannan rikicin aka haife su.

DOKA TA SHIGO

A 1992 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar hayaƙi mai suna Euro 1. Daga nan sai aka riƙa ɗaure igiya: Euro 2 a 1996, Euro 3 a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, Euro 6 a 2014.

Duba yadda lissafin ya sauka. A Euro 1 an yarda ƙaramar mota ta fitar da kunkunniya miligiram 140 a kowace kilomita. A Euro 5 ya koma miligiram 5. NOx kuma daga 500 a Euro 3 ta sauko zuwa 80 a Euro 6. Duk kamfanin da motarsa ta gaza cika wannan, ba zai sayar da ita a Turai ba. Dole ta sa injiniyoyi suka shiga neman dabara.

DABARA TA FARKO: INJI YA SHA HAYAƘINSA

Sunanta EGR. Wani bawul ne da yake ɗibar kaɗan daga hayaƙin da ya fito, ya mayar da shi cikin inji. Tunda hayaƙin ya riga ya ƙone, oksijin ɗinsa kaɗan ne, sai wutar ta rage zafi, NOx ta ragu.

Dabara ce mai kyau, amma ka tuna sikelin nan. Hayaƙin da aka mayar cike yake da kunkunniya. A hanyar da iska take shiga inji kuma akwai tururin baƙin mai da yake tasowa daga bututun numfashin inji. Kunkunniya ta haɗu da maiƙo, me za ka samu? Kwaɓi mai danƙo kamar kwalta. A hankali yake manne wa bawul ɗin da bututun iska, shekara da shekaru, har hanyar da take da faɗi ta koma 'yar ƙarama.

Wannan shi ne asalin abin da makanikai suke cewa kabon ya taru. Alamominsa: mota ta rasa ƙarfi, inji yana rawa idan an tsaya, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yi baƙi. Ka ga ke nan ba tsufa kaɗai ba ne. Magani ne aka sha, ya zo da nasa ciwon.

DABARA TA BIYU: RARIYA A SALANSA

Tunda kunkunniya ta ƙi raguwa, sai aka ce to a tare ta a hanya. A shekarar 2000 kamfanin Peugeot, Fijon nan da muka sani, ya fito da mota ƙirar 607 ɗauke da rariyar hayaƙi a salansa. Faransawa suna ce mata FAP, sauran duniya DPF. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ramuka ne dogaye, an toshe wannan ta gaba an toshe na kusa da shi ta baya. Dole hayaƙi ya ratsa ta bango, iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale.

Amma kowace rariya tana cika. Hanyar wanke wannan ita ce a ƙone abin da ya taru, kuma kunkunniya ba ta kamawa sai zafi ya kusa digiri 600. Salansar motar da take yawo cikin gari ba ta kaiwa nan.

A nan ne ruwan ƙari na farko ya shigo tarihi. Peugeot ta haɗa kai da kamfanin sinadarai na Rhodia, aka yi wani ruwa mai suna Eolys, mai ɗauke da sinadarin seriyam. An ɓoye masa ɗan tanki kusa da tankin mai. Duk lokacin da ka sha mai, kwamfutar mota za ta lissafa yawan da ka ƙara, ta ɗiga daidai gwargwado a ciki. Sinadarin ya bi mai ya ƙone, ya shiga jikin kunkunniya, sai ta riƙa kamawa a wajen digiri 450. A motocin farko ana sake cika shi ne bayan kilomita 80,000. Wasu motocin Citroën, Ford da Volvo ma sun yi amfani da shi. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, mutum zai shekara yana tuƙa mota bai san da wannan tanki ba, sai ranar da ya ƙare rariya ta toshe.

Sauran kamfanoni sun bi wata hanya. Maimakon ruwan ƙari, idan rariya ta cika sai kwamfuta ta riƙa fesa ƙarin mai a makare don ya je ya ƙone a salansa, zafi ya kai 600. Wannan wankin yana ɗaukar kamar minti 10 zuwa 20, kuma yana so mota tana tafiya. Idan kullum gajeriyar tafiya kake yi kana kashe mota a tsakiyar wanki, aikin ba zai kammala ba. Man da aka fesa kuma wani zai zurara ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. Shi ya sa za ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a ma'auni maimakon ya ragu. Wannan ba abin murna ba ne, inji ne yake cin kansa.

Daga Euro 5, kusan duk ƙaramar motar gas da aka sayar a Turai tana da wannan rariya.

DABARA TA UKU: YURIYA

An kama kunkunniya, saura NOx. EGR kaɗai ya gaza kai ta inda doka take so.

Maganin da aka ɗauko tsoho ne. Tun 1957 wani kamfanin Amurka mai suna Engelhard ya yi rajistar hanyar kashe NOx da iskar ammoniya, kuma tashoshin wutar lantarki a Japan sun yi aiki da ita tun shekarun 1970. Sunan tsarin SCR. Matsalar ita ce ammoniya tana da haɗari, ba a son kowane direba ya riƙa yawo da ita. Sai aka ga ai yuriya idan ta ji zafi ammoniya take saki, ita kuma ba ta da wannan haɗarin.

Haka aka haifi AdBlue: kashi 32.5 cikin 100 tatacciyar yuriya, kashi 67.5 tataccen ruwa. Ba a haɗa shi da mai. Wata 'yar allura ce take fesa shi cikin salansa, zafi ya mayar da shi ammoniya, ammoniya ta haɗu da NOx a cikin wata na'ura, su koma naitirojin da tururin ruwa. Nissan Diesel ta fara sa shi a manyan motoci a Japan a 2004, tirelolin Turai suka biyo baya, ƙananan motoci kuma suka rungume shi gadan-gadan bayan Euro 6.

To me ya sa mota take ƙin tashi idan ya ƙare, alhali inji ba ya buƙatarsa? Doka ce. Hukumomi sun san idan aka bar wa mutane zaɓi ba wanda zai saya. Sai aka tilasta wa kamfanoni su sa mota ta fara gargaɗi tun saura kamar kilomita 2,400, idan aka yi kunnen ƙashi har ya ƙare, ka kashe ta ke nan, ba za ta sake tashi ba sai an zuba.

Shi ma ya zo da ciwonsa. Idan ruwan ya bushe, yuriya tana daskarewa ta zama fari kamar gishiri, ta toshe allura da bututu. Yana ƙanƙara a digiri 11 ƙasa da sifili, shi ya sa tankin yake da hita da sensa iri-iri, kuma duk abin da aka ƙara wa mota to an ƙara abin da zai lalace.

Ka ji yadda wannan ruwan ya zama babban al'amari: a ƙarshen 2021 ƙasar Sin ta taƙaita fitar da yuriya. Koriya ta Kudu, wadda kusan duk tata daga can take sayowa, ta shiga tashin hankali, direbobin tirela suna layi, har gwamnati ta tura jirgin soja Ostiraliya ya ɗauko lita 27,000.

2015: RANAR MAI KAYA

Duk waɗannan na'urori kuɗi ne, wuri ne a jikin mota, kuma suna ƙara shan mai. Sai wasu suka nemi gajeriyar hanya.

A 2014 wasu masu bincike daga Jami'ar West Virginia a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji. Maimakon su auna hayaƙi a ɗakin gwaji kamar yadda aka saba, sai suka ɗora na'urar awo a bayan motoci uku suka hau titi. BMW X5 ta yi daidai a mafi yawan gwajin. Volkswagen Jetta da Passat kuwa NOx ɗinsu ta ninka abin da doka ta yarda sau da yawa.

Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta tona asirin. Volkswagen ta rubuta wata manhaja a ƙwaƙwalwar motocin. Manhajar tana duba gudun mota, da motsin sitiyari, da tsawon lokacin da inji ya yi yana aiki. Idan ta ga taya yana juyawa amma sitiyari bai motsa ba, ta san gwaji ake yi, sai ta kunna na'urorin tace hayaƙi gaba ɗaya. Da an hau titi sai ta sassauta su, NOx ta riƙa fita har ninki 40. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne a duniya. Shugabansa Martin Winterkorn ya sauka ranar 23 ga Satumba, kuma tara da diyya da gyara sun ci fiye da Yuro biliyan 30.

Ba a nan ta tsaya ba. A Yulin 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Volkswagen da BMW tarar Yuro miliyan 875, saboda sun haɗa baki da Daimler kan abubuwan da suka shafi AdBlue, har da girman tankinsa, don kada su yi gasar tsaftace hayaƙi fiye da yadda doka ta nema. Daimler ta tsira daga tara don ita ta kai rahoto. Tun daga wannan badaƙala kasuwar ƙananan motocin gas a Turai take ja da baya, birane da dama kuma suka fara hana tsofaffi shiga tsakiyar gari.

TO INA MOTOCIN SUKE ZUWA?

Wajenmu mana. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. 'Yar Beljiyam ko 'yar Kwatano idan mai gas ce, da duk wannan tarihin take sauka.

Sai dai an ƙera ta ne don mai tsaftatacce. Tun 2009 gas ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na salfa, wato farar wuta. A Satumbar 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wani da salfarsa ta ninka ta Turai sau 378. A lokacin ƙa'idar Najeriya 3,000 ce. A Disambar 2016 Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa 50, ECOWAS ma ta ɗauki wannan ƙa'idar a 2020, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Salfa kuwa tana ƙara datti a rariya, tana kashe na'urar SCR, tana cin bututun EGR. Ka haɗa da ƙura, da cunkoso, da gurɓataccen man bakin titi, ka ga dalilin da motar da ta yi shekaru lafiya a can take fara kunna fitilu a nan.

Shi ya sa da yawa suke zuwa a farke rariyar, a toshe EGR, a goge AdBlue daga ƙwaƙwalwar mota. Gaskiya motar za ta tashi, fitila za ta mutu. Amma gubar da aka shekara 30 ana yaƙi da ita, ita ce za ta riƙa fita kai tsaye, kuma mai shaƙarta shi ne ɗan acaɓan da yake bayanka, da mai talla a bakin titi, da yaran da suke wasa a ƙofar gida lokacin da kake ɗumama mota.

ABIN DA ZA KA RIƘE

1. Kafin ka sayi motar gas, a jona mata kwamfuta. A duba ko rariyar tana nan, nawa ta cika, kuma tana da tankin Eolys ko AdBlue.

2. Idan zirga-zirgarka ta cikin gari ce kawai, mai fetur ta fi maka kwanciyar hankali. Idan kuma ka riga ka saya, ka riƙa ba ta doguwar hanya lokaci-lokaci, kamar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa.

3. Baƙin mai ba kowanne ba. Mota mai rariya tana son mai ƙarancin toka, irin wanda littafinta ya faɗa. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa, sai an kwance an wanke.

4. Kada ka jiƙa takin gona ka ce ka haɗa AdBlue. Dattin da yake cikin taki da ruwan famfo zai kashe na'urar da ta fi ruwan tsada nesa ba kusa ba.

5. Zafi yana lalata AdBlue. A digiri 35 bai fi wata 6 yake yi ba. Ka duba kwanan wata, kada ka sayi jarkar da ta daɗe a rana.

6. Idan aka yi kuskure aka zuba shi a tankin mai, kada ka tada mota, kada ma ka murɗa makulli. A janye ta a zuƙe tankin.

7. Eolys iri-iri ne, ba kowanne ake haɗawa da wani ba, kuma bayan an cika sai an sanar da kwamfutar mota.

8. Fitila ta kama, ka je da wuri. Rariyar da ta fara cika ana iya ƙone ta a kan hanya. Wadda ta toshe ƙam tana iya tafiya da turbo.

Idan kana da direba ko makaniki a gida, ka tura masa ya karanta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.